Kwalaben Kan Katanga

…kuma kada ruwan ya yi zafi, ɗumi kawai, haka mai kemis ya ce. Gishiri rabin cokali. Malam Junaidu yana tsoma yatsa a kwanon, yana cirewa, yana sake tsomawa. Shekara sittin da bakwai, ɗan malamai jikan malamai, mutumin da in kare ya gitta masa a hanyar masallaci sai ya tattare riga ya kau da kai. Yau ga shi durƙushe a gindin dogon yaro, rana ta take tsaka, dagin kare a kan cinyarsa. In maƙwabta suka leƙo fa? Su leƙo. Wane mutunci ya rage da za su ɗauka?

Tsaya, Gizago. Tsaya mana…

Kwana biyar ke nan yana wannan aiki. Tsagar tana tsakiyar tafin, a baƙar tsokar nan mai kauri da kare ke takawa a kai. Ta dare gida biyu, bakinta fari, cikinta ja. Ranar farko da matsefata ya zaro guntun fasasshiyar kwalba daga ciki, kore, tsawon farce. Ya san kwalbar. Ta yaya ba zai san ta ba? Shi ya tara su. A nan ya zauna, nan ɗin nan, da guduma, yana farfasa su cikin buhu, magini yana kwaɓa siminti yana tambaya, "Malam, ɓarayi na ka damunku?" Ya ce masa eh. Ƙarya da furfura! Babu wani ɓarawo. Ɗansa ne yake haurowa katanga.

Jelani. A zuci kaɗai yake faɗar sunan. Ɗan fari ne, kuma a gidansu ba a kiran sunan ɗan fari, kunya ce da aka gada. Shekara ashirin da takwas ana "kai yaro", ana "wancan", ana "ina mutumin?" Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Bai taɓa shafa kansa ba. Haka nasa uban ya yi masa, ai bai mutu ba… to, amma shi ba Jelani ba ne.

Auduga. A matse ta, a bi bakin ciwon a hankali, daga ciki zuwa waje. Karen yana rawar jiki, yana kuka ta hanci, amma ba ya cizo. Ranar farko ya ɗaure masa baki da tsumma, yanzu ya daina. Haƙarƙari duk a waje, ana iya ƙirga su. Kwana nawa ka yi ba ka ci ba? Daga ina kake?

A kwali Jelani ya kawo shi, ɗan kwikwiyo, ido bai gama buɗewa ba. Lokacin tuni yaron ya ajiye littattafai, tuni ƙwaya ta fara jan harshensa, yana magana kamar mai barci. A gidan da ake saukar Alƙur'ani, kare? Mala'iku su tsaya a ƙofa saboda kai? Shekara biyu ana ja-in-ja, har ranar da ya ce, "Ko kai ɗai ka zamna, ko ku hita ku biyu." Yaron kuma ya tsaya can bakin randa, ido jawur, ya ce, "Baba, cikin gidan ga shi ɗai ka murna in na shigo." Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga… Da ya yi rashin kunya, da yanzu akwai abin da mutum zai riƙe ya ce ga laifinsa.

Suka fita su biyu.

Zuma yanzu. Matarsa Mariyatu ce ta ajiye kwalbar zumar a gefen tabarma tun ranar farko. Ga ta can bakin madafi, ludayi a hannu, ba ta dama komai. Uwa ce, ita ma ba ta faɗar sunan, amma ita ta san yadda ake cewa ina son ka da kwanon tuwo. Duk la'asar, in Malam ya fita karatu, yaron sai ya taka tulin yashin maƙwabci ya hauro katanga, karen a bayansa, ya ci, ta ba shi wankakkiyar riga, ya koma ta inda ya zo. Da Malam ya gane, me ya yi? Ya kira shi ya zaunar? A'a. Magini ya kira. Wai in yunwa ta ci shi zai shigo ta ƙofa, ya durƙusa, ya tuba. Wai horo. Wata bakwai ke nan, ƙofar tana nan, ba wanda ya shigo.

"Malam, ya kusa takawa?"

"Ya kusa."

Iyakar maganarsu ke nan a yini. Ita ma abin da yake jira take jira. Ya je Runjin Sambo, kangon da aka ce samari na kwana. Ya je Mabera, wurin bakaniken da ya taɓa ba yaron aiki. Da rawaninsa, da sandarsa, yana tambayar 'yan iska ko sun ga… wa? "Wani yaro mai kare." Mun kwan biyu ba mu gane shi ba, Malam. Asibiti, ofishin 'yan sanda, har ɗakin ajiye gawa ya leƙa. Babu. Saura mutum ɗaya a duk Sakkwato da ya san inda yake, shi ma ba mutum ba ne, kuma ƙafarsa a yanke.

Shi ya sa ruwan gishiri. Shi ya sa zuma. Kada ka yaudari kanka, Junaidu, ba tausayi ba ne, ɗan jagora kake jinya. Ko kuwa?… Jiya da karen ya lashi bayan hannunsa bai tashi ya wanke ba. Ya daɗe yana kallon wurin.

Sai igiyar nan. Guntuwar igiya a wuyan karen, bakinta a tattaune. Jelani bai taɓa ɗaure shi ba, ko sau ɗaya. To wa ya ɗaure? Don me? Don kada ya bi… ya bi me? A'a. A'uzu billahi. Bar wannan.

Bandeji ya ƙare tun jiya. Yana yagar bakin tsohon rawaninsa, fari, yana naɗawa, ba da ƙarfi ba kada jini ya tsaya, yatsa ɗaya ya iya shiga. Tsohuwar safa a kai. Yana sakin ƙafar.

Karen yana miƙewa. Uku… uku… ga ta huɗun ta taɓa ƙasa. Ya ɗage, ya sake ajiyewa. Ya taka!

Malam Junaidu bai san lokacin da ya kai zaure ba. Yana zare sakata, yana wangale ƙofa, zafin titi yana dukan fuskarsa, keke-napep na wucewa. Takalmi a ƙafa, sanda a hannu. "Taho. Kai ni wurin yaron." Karen yana kallonsa. "Wurin wancan. Ubangidanka." Ko kunne bai motsa ba. Ina zai san wani wancan? Suna ɗaya ya sani, wanda abokai ke kira a titi.

Shekara ashirin da takwas.

"Jelani," yake cewa. Muryar kamar ba tasa ba. "Ina Jelani?"

Ludayi ya faɗi a bakin madafi.

Kunnuwa sun miƙe, wutsiya tana kaɗawa, karen ya zabura yana ɗingishi, da sauri, da murna… ba ƙofa ya nufa ba. Ya juya baya ga titi. Ya ratsa tsakar gida, ya wuce randa, ya tsaya a ɗakin yaron, na ƙuryar nan, da kwaɗo ya fi wata bakwai a kai. Yana karce ƙyauren da ƙafar mai ciwo, yana cusa hanci a ƙasa, yana kuka. Yana waiwayowa yana kallon tsohon. Buɗe mini, yana ciki.

Ashe ba zuwa ya yi ya kai su ba. Shi ma nema yake. Ya duba ko'ina, nan ne ya rage masa, har ya hau kwalabe…

Ƙofar gida tana nan a wangale. Malam Junaidu yana tsaye da sanda a hannu, yana kallon jan ɗigo yana fitowa ta safar, yana faɗi. Ciwon ya sake buɗewa. Sai a sake ɗora ruwa… ɗumi kawai, kada ya yi zafi.