Ranar da Aka Tarbi Tantan

A Marnona in ka tambayi gidan su Halliru sai a ce da kai wane Halliru, amma in ka ce Tantan, kowa zai nuna maka ƙofar. Ja'afar mai gangar noma ne ya laƙa masa sunan tantan, wato motar noma, domin ranar gayya in Halliru ya kama kunya da garma, kafin sauran maza su kai rabi shi ya fita, ya juyo yana yi musu dariya. Mutane suna ta sa albarka, ba su san irin man da ake zuba wa tantan ɗin ba. Ashe ƙwaya ce, taramol, wadda yake korawa da shayi kullum da safe.

Yayarsa Bara'atu mai fura, wadda ta goye shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ba ta sani ba sai ranar da aka kawo shi daga fadamar albasa ta Goronyo a kan babur, an sa shi tsakiya. Faɗuwa ya yi yana shure-shure har ya ciji harshe. Bara'atu ba ta kuka gaban mutane. Ta shiga madafa ta yi kukanta ita kaɗai, ta wanke fuska, ta tasa shi gaba sai asibiti a Wurno. Likita ya ce abin zai bar shi, amma a hankali za a janye, kuma sai da mutum a kusa.

"Mutum na nan, likita," in ji ta. "Ni nig goye shi, in ta kama in koma goya shi."

Ta ko kusa komawa goyon. Ta kwaso shi zuwa ɗakin zauren gidanta, aka shiga fama. Yau zufa, gobe sanyi tsakar rana, jibi ciki ya ɓaci, ga hamma ba tsayawa, ga baƙar zuciya, har kajinta sai da suka sha zagi. Ita kuwa in ya yi faɗa sai ta miƙa masa kunu, in ya ture ta sake miƙawa. Ranar da ya cinye tuwo malmala biyu ya ce a ƙaro miya, daɗin da ta ji ya sa ta raba sauran furar ranar sadaka. Kafin damina ta kankama ya bar ƙwaya ɗungum. Ya rame, amma idonsa ya dawo nasa.

Ana nan sai Alhaji Almustapha ya raba goron gayya, za a yi masa huɗar gero. Nan gaban Bara'atu ya faɗi, domin ta san inda ƙaninta yake da rauni. A gayya akwai al'adar tarbe: wanda ya gama kunyarsa sai ya shiga ta wanda aka bari baya daga ɗaya bakin, su haɗu a tsakiya. Taimako ne, amma da tsiya a ciki, kuma Halliru shi ne sarkin tsiyar. Shekara da shekaru shi ke tarbar mutane yana yi musu waƙa, shi kuwa ba a taɓa tarbarsa ba. Wanda ya fi shan wuya a hannunsa shi ne Lukman, abokinsa mai tumbi, wanda in ya sunkuya sai ya yi shawara da cikinsa kafin ya miƙe. Mutumin da ya saba da wannan matsayi, in ya ga an bar shi baya, me zai hana shi komawa gidan jiya?

Sai ta ɗauke garmarsa ta jefa cikin rumbu.

Da safiyar gayya ta fito da ƙwaryar fura sai ta same shi zaune a tsakar gida yana wasa bakin garmar.

"Yaya," ya ce, bai ko ɗago ba, "tun ina yaro cikin rumbun ga kika ɓoye ƙuli-ƙuli. Ki sake wuri hwa."

Dariya ta taso mata, ta danne. A nan ta lura da hularsa, ya karya gefenta ya naɗe, abin da ba ya yi.

"Mi ag ga hulag ga?"

Ya buɗe naɗin. Ƙwaya ɗaya ce cikin ledarta.

"Wani yab ba ni jiya kasuwa. Ban sha ba, Yaya, wallahi. Ko da na. In nig ga za a tarbe ni gaban jama'a..."

Hannunta ya yi ƙaiƙayin fizgewa. Amma ta san in ta karɓe wannan akwai wata a kasuwa, ita kuma ba za ta iya jefa kasuwa cikin rumbu ba. Tsoro ya cika ta, duk da haka ta ce, "Kanka na, hulakka ta. Ni dai ina nan gindin gawo da hura."

Hantsi bai yi ba gonar Alhaji ta cika. Maza suka jeru kowa da kunyarsa, Ja'afar ya rataya ganga ya saki kiɗi, ƙasa mai danshi ta soma juyawa. Da farko Halliru ya riƙe sahu. Da rana ta ɗaga sai numfashi ya soma gaza masa, aka wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Ja'afar kuwa, da bai san dawan garin ba, ya ga gwarzonsa a baya, sai ya bi shi da ganga har cikin kunne.

"Tantan ba ka hutu! Tantan na Bara'atu, mi yas same ka? Tashi ka kai musu tarbe!"

Bara'atu ta ga hannun ƙaninta ya tafi kan hula. Ba ta san lokacin da ta ajiye ludayi ba. Ta ratsa kunyoyi, zani a hannu, ta sha gaban makaɗin.

"Ja'ahwaru, in ka ƙara kiran Tantan, kai da hura tau har damana ta hita."

Ja'afar mutum ne da ya san abin da ke riƙe da ransa. Nan take ya juya ganga ya koma kan Lukman, yana kiransa giwa mai tafiyar ƙasaita. Lukman, wanda tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa yi masa kirari ba, sai ya haukace da aiki. Tumbi na rawa, garma na tashi, har ya fita kunyarsa, jama'a suka sa ihu da dariya.

Kowa ya fita, saura Halliru shi kaɗai a tsakiyar gona, zufa ta jiƙa shi sharkaf. Maza suna duban juna, an rasa mai shiga kunyar Tantan, don ba a san yadda zai ɗauka ba. Hannunsa ya sake komawa kan hula, ya tsaya a can.

Sai Lukman ya tofa yawu a tafin hannu, ya faɗa ɗaya bakin kunyar. Yana huɗa yana haki yana rera waƙar tsiyar da Halliru ya saba yi masa, da muryarsa mai kama da ta tsohon jaki.

"Sannu amarya, kada ki gaji! Ga mai tarbe ya taho!"

Halliru ya tsaya yana kallonsa. Fuskarsa ta murtuke, ta saki, sai kuma dariya ta ƙwace masa har ya dafa garma.

"Lukmanu, ko waƙat tau ba ka iya ba."

"In ka iya, taho mu gamu ka koya min."

Halliru ya cire hular. Ya waiwaya ya hangi yayarsa tsaye a bakin kunya, ya tako ya miƙa mata.

"Yaya, riƙe min wagga. Ta yi min nauyi."

Ta karɓa. Ya koma ya sunkuya, yana huɗa a hankali da ƙarfin da Allah ya ba shi, Lukman na tahowa daga can, har garmarsu ta haɗu a tsakiya. Ja'afar ya saki ganga, Alhaji Almustapha da kansa ya shiga fili ya ɗan taka da sandarsa.

Bara'atu ta buɗe naɗin hular. Ƙwayar tana nan cikin ledarta, ba a taɓa ba. Ta murƙushe ta da gindin ludayi a kan saiwar gawo, ta tura ƙasa a kai da ƙafa. Hawaye suka zubo mata a gaban mutanen da ba su taɓa ganin kukanta ba, ba ta ko damu ta share ba.

A al'ada wanda ya fara fita kunya shi ke fara shan fura. Maza suka matso suna gardamar waye na farko yau. Ita dai ta cika ludayi ta miƙa wa na ƙarshe.

"Hura tau ta," in ji ta. "Wanda bai yarda ba shi dama tashi."