Matar Aure a Takarda

Ranar da likita ya ce an samu wani asibiti a ƙasar waje da ya yarda zai yi wa yarinyar aikin zuciya kyauta, Maman Tsuntsuwa kasa tashi ta yi daga kujera sai da nas ta kama ta. Shekara takwas take jiran wannan magana. Da huji a zuciya aka haifi 'yarta. Ba ta gudu, ba ta hawa bene, in ta cika dariya sai leɓenta ya yi shuɗi. Kakarta ce ta laƙaba mata Tsuntsuwa, wai cinta bai fi na tsuntsu ba, sunan kuwa ya bi ta.

"Ashirin da shida ga wata suke son ganinta," in ji likita. "Ki yi mata fasfo cikin satin nan."

A ofishin fasfo murna ta koma ciki. Jami'in ya juya fom ɗin gaba da baya, ya ɗora yatsa kan wani layi da ta bari fayau.

"Ina sa hannun uba?"

"Mun rabu, ranka ya daɗe. Shekara bakwai ke nan. Ban ma san inda yake ba."

"To kawo takardar kotu da ta nuna an raba auren, kuma riƙon yarinya yana hannunki. Ko uba, ko kotu. Ba ni na kafa dokar ba, baiwar Allah."

Ita tela ce, shagonta ɗan ƙarami a bayan tashar mota. Mijin mai gyaran lantarki ne. Yarinyar na da shekara ɗaya, bayan kwanciyarsu ta uku a asibiti, ya wayi gari ya ce ya gaji. Ya ce ya kai maganar kotu, an gama komai, ba sai ta je ba. Ya miƙa mata wata 'yar takarda mai lamba da hatimi, ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita. Tun daga ranar takardar ke cikin aljihun keken ɗinkinta tare da allurai. Ba ta taɓa zaton za ta neme ta ba.

Washegari tun kafin a buɗe ƙofar kotu tana tsaye. Magatakarda yana bayan wata taga mai ƙarafa, ya karɓi takardar ya danna lambar a kwamfuta, ya girgiza kai.

"Na shekara biyar zuwa yau kawai muka shigar. Naki yana sito."

"To a duba min siton, don Allah."

"Makulli yana hannun mai ajiya, ita kuwa ba ta da lafiya. Sai Alhamis."

Ranar Talata ce. Ta roƙe shi har mutanen da ke bayanta a layi suka fara tsaki. Ya ce ko shi alƙali bai da makullin nan. Ta koma shago ta zauna gaban keke, ta ɗinke hannun riga a baibai har sau biyu.

Ranar Alhamis ta koma. Mai ajiya dattijuwa ce mai ciwon asma, da hankici ɗaure a hanci. Ta ji bayanin har ƙarshe, sannan ta ce, "Ba a shiga da baƙo, amma idona ya yi rauni, bayana ma ba ya sunkuyo. Biyo ni, 'yata."

Siton a ƙarƙashin ginin yake, ƙwan lantarki ɗaya, warin rima kamar ya kayar da mutum. Shekaru uku da suka wuce famfo ya fashe a sama, aka kwashe fayilolin aka jibge su yadda aka ga dama. Wasu sun manne da juna sun zama kamar bulo. Maman Tsuntsuwa ta durƙusa tana kwance ɗauri, tana karanta lambobi, tana mayarwa. Ga auren mutane nan birjik a ƙasa, wanda ya mutu kan duka, wanda ya mutu kan gori, duk ƙura ta rufe su daidai wa daida. Har aka tashi aiki ba su samu ba. Ranar Juma'a ta sake dawowa. Wajen sha ɗaya ta zaro wani siririn fayil da gefensa ya ci ruwa, ta ga sunanta a kai.

Shafi uku ne kacal. Mai ajiya ta kai shi ƙarƙashin ƙwai, ta karanta na ƙarshe a zuci.

"Mama, mene ne?"

"Ya shigar da ƙara, wannan gaskiya ne. Amma an kira sau biyu bai zo ba, ke ma ba a kai miki sammaci ba. Sai alƙali ya kori ƙarar."

"Ban gane ba."

"Ba a raba komai ba, 'yata. A wurin kotu har yanzu matarsa ce ke."

Ta zauna daɓas a kan tarin fayil. Shekara bakwai tana ce wa duniya ita bazawara ce, ita kaɗai ta yi jinya, ita kaɗai ta yi kuka, ashe igiyar tana nan a wuyanta, mai riƙe da ɗaya bakin kuma ya yar ya yi gaba. Dariya ta kufce mata, mummuna, har dattijuwar ta dafa kafaɗarta.

"Kukan a bari sai an je gida. Tashi ki shigar da taki yanzu, kafin magatakarda ya rufe taga."

Magatakarda ya ba ta fom. Ta cika sunanta, sunansa, ranar aure, dalilin neman rabuwa, da roƙon a ba ta riƙon 'ya. Sai ta zo kan adireshin wanda ake ƙara, biron ya tsaya.

"Dole mai kai sammaci ya damƙa masa hannu da hannu," in ji magatakarda. "In ba a san inda yake ba, sai a buga a jarida a jira kwana talatin."

Kwana goma sha shida suka rage mata.

Mutum ɗaya ce za ta iya sani, yayar mijin, wadda tun farko ta sha rantsuwa ba ta da labarinsa. Wannan karon Maman Tsuntsuwa ba ta je ita kaɗai ba. Gidan a hawa na biyu yake. Ta goya yarinyar, 'yar shekara takwas, ƙafafunta na dukan gwiwar uwar, ta hau da ita. A bakin ƙofa ta sauke ta.

"Gaida gwaggonki."

Yarinyar ta buɗe baki, numfashi ya ƙi ba ta dama. Ta tsuguna kamar yadda ta saba in ƙirjin ya matse ta, farcenta shuɗi.

"Yaya, ban zo faɗa ba," in ji uwar. "Ban zo neman ci ko sha ba. Inda yake kawai nake so. In kin sake rantse min, to ki rantse kina kallon ta."

Yaya ta daɗe tana murza bakin zanenta. Can ta ce, "Ya sa ni na yi alkawari. Kunyarku yake ji." Sai ta faɗi wurin: wani siton tayil na daɓen ɗaki a ƙarshen layin bas, yana gadi. Duk shekarun nan gari ɗaya suke.

Litinin ta je tare da mai kai sammaci. Da ƙyar ta gane shi. Ya rame, furfura ta cinye gemunsa, yana zaune kan buhun siminti. Da ya gan ta ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Tana nan?" ya ce.

"Tana nan. Ka zo ofishin fasfo ka sa hannu, minti goma, shi ke nan."

"Sai da katin shaida, ko? Ba ni da shi. An sace tun tuni, ban sake yi ba."

Ta ji kamar ta shaƙe shi. Sabon kati sai ya ci makonni. Mai kai sammaci ya miƙa masa takarda, ya dafa ta a bango ya sa hannu.

"Alhamis ƙarfe tara," ta ce. "Ka zo ka faɗa da bakinka. Ban taɓa roƙonka komai ba."

"Wallahi zan zo."

Bai zo ba. Aka kira sunansa sau uku a baranda, shiru. Alƙali ya duba kalanda ya fara cewa an ɗage zuwa wata mai zuwa. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, wata mai zuwa ba lallai ina da 'ya ba!"

Ɗan sandan kotu ya yo kanta, alƙali ya ɗaga masa hannu. Ta zube wasiƙar likita, da fayil ɗin da ruwa ya ci, da sammacin mai sa hannunsa, tana magana tana haki, ba kan gado. Alƙali ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba. Sannan ya ce maganar aure sai an saurari ɓangare biyu, wannan ba zai tsallake ba. Amma ya ba ta riƙon yarinya na wucin gadi, da izinin yi mata fasfo da fita da ita neman magani.

Rubuta umarnin da buga hatimi ya ci kwana biyu, hutun ƙarshen mako ya shiga tsakani. Fasfo ya ci takwas. Ranar da ta karɓe shi, ashirin da shida ta wuce da kwana uku. Likita ya yi ta waya a gabanta har aka ba su sabon lokaci, mako shida gaba.

Makonnin nan shida ba ta san yadda ta yi su ba. Ta shimfiɗa wa yarinyar katifa a ƙarƙashin teburin yanka, tana ɗinki tana leƙe. Sau biyu Tsuntsuwa ta suma, sau biyu uwar ta fita titi da ita a kafaɗa ba takalmi.

Ranar tafiya da safe, tasi na jira a ƙofar shago, sai ga Yaya da 'yar jaka, ta saƙa wa yarinyar rigar sanyi. Ba ta ambaci ƙanenta ba, ba a kuma tambaye ta ba. Ita ta ɗauki Tsuntsuwa ta sa a mota, ta gyara mata zama.

"Gwaggo, in an gyara ni zan iya tsallen igiya?"

"Har ki gaji," in ji Yaya.

Maman Tsuntsuwa ta ja ƙofar shago ta datse kwaɗo, ta shiga gaba, ta ce wa direba ya bi a hankali wajen ramuka.