Yaƙin da Sumul Ya Ƙera da Gwangwani

"To, mu yi ta a fili, Yaya," in ji Auta, yana juya makullin mota a ɗan yatsa. "In tsofaffin sojojin nan suka karɓi kayan wasan naka suka sa a zaurensu, ɗaki ya zama naka har ƙarshen rai, na ja bakina na tsuke. In kuwa suka ce a kai kasuwa, ka miƙo makulli in zuba tayoyina."

"Wa zai kai musu teburin da zan jera kayan a kai?"

"Ni, a bayan a-kori-kurata. Har da dawowa, don na san zai dawo."

"Kawo hannu," in ji Sumul. Suka tafa.

Sumul fanel bita ne tun yana saurayi. Direbobi ne suka laƙaba masa sunan, domin mota ko tirela ce ta bi ta kanta, in ta kwana biyu a hannunsa sai ka shafa ka nemi inda ta lotse ka rasa. Da kafaɗa ta ƙi ɗaukar babbar guduma, sai ya bar wa yaransa gareji ya koma ɗakin baya na shagon da mahaifinsu ya bar musu shi da ƙanensa. Auta yana gaba yana sayar da taya, shi yana baya yana yanka gwangwanin madara, yana ƙera jirage da tankokin yaƙi waɗanda ba su fi tafin hannu ba. Kasuwa ta buɗe wa Auta, tayoyi suka kai rufi, sai idonsa ya faɗa kan ɗakin. Shi kuwa Sumul ɗakin nan ne kaɗai dalilinsa na sa takalmi da safe. In ya rasa shi, sai zaman gida da rediyo a kunne, ana zagaye shi da tsintsiya.

Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta gina sabon zaure, ta sa akwatin gilashi a bakin ƙofa, tana neman abin da zai nuna wa jikoki faɗan da suka yi a wata gada lokacin ƙuruciyarsu. Saje, tsohon direban tankar yaƙi wanda Sumul ya daɗe yana miƙe masa ƙofar mota, shi ya kai sunansa. Aka ce ya kawo a gani.

Sumul ya duƙufa. Ya samo katako mai faɗin ƙyaure ya yi fili a kai, tudu da kwari, da siminti da garin katako. Kogi gilashin mota ne da ya shafa wa fenti ta ƙasa. Gada kuwa ƙarafan tsohuwar lema. Bakin igwa eriyar rediyo ce, ƙafafun tanka wasoshin noti, sarƙarta kuma gaɓa-gaɓa ya yanka ta da almakashi ya haɗa da dalma, har idonsa na ruwa. Jirage ya rataye su da zaren kamun kifi. Da ya gama, ya bi kowanne da samfefa, ya fesa fenti, ya goge da tsumma mai laushi har sai da ya ga gemunsa a jikin tanka. Sannan ya aika a kira Saje ya fara gani kafin sauran.

Saje kunnensa ɗaya ya mutu tun a fagen daga, saboda haka magana yake kamar da wanda ke tsallaken titi. Ya zagaya teburin, ya sunkuya, ya miƙe.

"Sumul, ina yaƙin?"

"Ga shi a gabanka, Saje."

"Wannan? Wannan ai filin dillalin motoci ne. Saura ka liƙa musu farashi a goshi." Ya ɗaga tanka ɗaya da yatsa biyu. "Hannunka hannu ne, ban hana ka ba. Amma wadda na tuƙa, ranar da muka isa gadar nan, ko maƙerin da ya yi ta ba zai shaida ta ba. Ka kai wa Manjo, shugabanmu, waɗannan angwayen, kallo ɗaya zai yi ya ce Allah ya ƙara basira."

Daga gaba aka ji Auta ya yi tari irin na mai ɓoye dariya.

Bayan Saje ya tafi, Sumul ya ɗauki ƙaramar gudumarsa, ya ajiye tanka a kan maƙera, ya ɗaga hannu. Hannu ya ƙi sauka. Hannun da ya tsufa yana fitar da lotsa, yau a ce shi zai sa ta? Ya ajiye, ya sake ɗauka, ya sake ajiyewa. A gida maiɗakinsa ta ga ya tura kwano gefe, ta tambaya, ya faɗa mata.

"Kai da ko murfin tukunya ya faɗi sai ka bi shi da guduma kana masa sannu?" ta ce. "Kawo min su, in ba jikokinka minti kaɗan."

Washegari ya runtse ido ya kai wa tankar duka. Ya buɗe ido ya ga ɓarna. Ba ta yi kama da abin da ya je yaƙi ba, ta yi kama da gwangwanin da akuya ta taka. Ya daɗe yana juya ta a tafin hannu, sai wani abu ya faɗo masa. A gareji bai taɓa sa guduma a jikin mota ba sai ya fara karanta lotsar: me ya buge ta, daga wane ɓangare, da wane gudu. Direba zai rantse cewa a tsaye yake aka same shi, ƙarfe kuwa ya ce ƙarya ne, da baya ya je ya samu turke. Kowace lotsa da ubanta. Wannan da ya yi yanzu marainiya ce, shi ya sa ta yi muni.

Ya je har gida ya ɗauko Saje, ya zaunar da shi a benci, ya sa aka kawo masa shayi.

"Saje, ba labarin jarumtaka nake so ba, wannan na sha ji. Faɗa min me ya bugi me."

Saje ya ƙyalƙyale da dariya, ya gyara zama. Ya ce murfin sarƙa shi ne farkon tafiya, kowace bishiya sai ta ɗauki rabonta. Sumul ya kama murfin da filaya ya yage shi baya, yadda reshe ke yi wa mota, ba gaba ba. Ya ce harsashin da bai huda ba yakan bar kwarmi kamar an danna babban yatsa a ƙullu. Sumul ya dasashe bakin ƙusa, ya ɗora, ya ba ta ƙwal ɗaya, ya kankare fentin gefen har farin ƙarfe ya fito. Ya ce akwai wani direba da tsoro ya sa ya ja da baya ya shige katangar wani gida.

"Katangar bulo ko ta dutse?"

"Bulo."

"A miƙe ya shiga ko a karkace?"

"Kai, Sumul, ɗan sanda ne kai? A karkace, ta hagu."

Sumul ya naɗe kusurwar hagu ciki, ya rusa gefen ɗan gidan da ya gina a bakin gada, ya zuba garin bulo a bayan tankar. Saje ya leƙa, ya kurɓi shayi.

Daga nan hannu ya sake. Lotsa iri-iri da Sumul ya kashe a rayuwarsa duk suna nan a kansa, sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ya kankaro tsatsa ta gaske daga tsohuwar salansar mota ya kwaɓa da baƙin mai, ya ɗiga ta inda ruwa ke kwanciya. Ya bi bakin igwa da hayaƙin kyandir. Ya dama taɓo ya cusa a sarƙoƙin da ya kusa makancewa wajen haɗa su, zuciyarsa na cewa wayyo, hannunsa na ci gaba. Saje ya ce ba tankar da ke tafiya ba bokiti da bargo da butar shayi a rataye a bayanta, Sumul ya yi bokiti da murfin man goge baki, ya haɗa da ɗan bargo da 'yar buta. Jirgi mafi kyau a cikinsu, wanda ya fi daɗewa a kansa, shi ya tsinke wa zare. Ya gasa farfelarsa ya lanƙwasa ta baya, ya karya fiffike ɗaya, ya kafa hancinsa a yashin bakin kogi.

Ana cikin haka Auta ya leƙo, ya tarar da yayansa yana ƙona jirgi da kyandir, ga gida a rushe, ga tankoki kamar an tono su daga bola.

"Haba Yaya, abin bai kai ga haka ba. In ka haƙura ai sai ka faɗa, ba sai ka farfasa ba. Zan bar maka kujera a gaba ka riƙa shan iska."

"Na gode, Auta."

Auta bai jira ba. Kafin ranar kai kaya ya sa an jibge sababbin tayoyi a bakin ƙofar ɗakin, har sai an karkata ake shiga.

Ranar da aka sa, Auta ne ya tuƙa, yana ta fito, Sumul na baya ya rungume teburin da aka lulluɓe da zanin gado. A zauren, tsofaffi sun cika kujeru, wani da sanda, wani a keken guragu. Shugabansu, wani tsohon Manjo mai farin gashin baki wanda ba ya ɓarnar magana, ya yi nuni a yaye zanin.

Aka yaye. Tsofaffi suka zuba wa teburin ido. Sumul ya ja gefe ya tsaya. Auta ya matso kusa da shi ya ce a hankali, "Kada ka damu, ban kashe mota ba."

Mai keken guragu ya gungura ya zo daf da teburin. Ya kai fuskarsa kusa da rusasshen gidan, sai ya fashe da dariya har yana dukan hannun keke.

"Dogo! Wallahi ga Dogo! Zo ka ga katangarka!"

Wani zanƙalelen tsoho ya taso yana ɗingishi. "Wace katanga? Ni umarni aka ba ni in ja baya!"

"Wa ya ba ka? Har butar shayinmu ka murƙushe!"

"Ga butar can a rataye, maƙaryaci!"

Nan take zaure ya kaure. Kowa ya taso, sanduna na nuni, wannan na cewa a nan ya kwanta, wancan na cewa a'a, ta bayan tudun ne, har wani na rantsuwa ya gane bargonsa. Saje ya fi kowa ɗaga murya, ba ya ma jin amsar da ake ba shi. Manjo kaɗai ya ware gefe. Yana tsaye yana kallon jirgin da ya kafa hanci a yashi. Can ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya daɗe a haka, sannan ya mayar.

"A buɗe gilashin," ya ce.

Auta ya ga ɗaki na sulluɓe masa, ya yi ta maza. "Ranka ya daɗe, a duba dai da kyau. Duk a lotse suke fa. Da kun gan su da farko, sababbi fil."

Manjo ya dube shi daga sama har ƙasa, ya dubi mutanensa.

"Ɗana, mu ɗin a miƙe ka gan mu? Kama can gefen, ka yi a hankali da gadar."

Haka Auta ya kama gefe ɗaya, Dogo ya kama ɗaya, aka shigar da teburin cikin gilashi, tsofaffi na tafi, Saje na jijjiga kafaɗar Sumul, mai ciwon ma, shi kuwa ko a jikinsa. Kafin su fita Manjo ya ce akwai wani faɗan da suka yi a filin jirgi, in hannu bai gaji ba. Sumul ya ce hannu yanzu ya fara.

Da suka koma, Sumul ya zauna a bencinsa ya harɗe ƙafa, yana kallon ƙanensa na mirgina tayoyi ɗaya-ɗaya daga bakin ƙofa, gumi har cikin ido.

"Auta, in ka gaji ga kujera, ka sha iska."

To, in ana lissafin wa ya ci wa ya faɗi: Sumul ya ci ɗaki, ya ƙara da sabon aiki. Sojoji sun samu abin nuna wa jikoki da abin yi wa juna gardama har Allah ya ɗauki ransu. Saje ya samu wurin shan shayi da mai sauraronsa. Auta ya rasa ɗaki, ya ƙona mai, ya koma neman haya a bayan layi. Amma wanda ya fi kowa asara Dogo ne, domin katangar da ya yi rabin rayuwarsa yana musu a kanta yanzu tana cikin gilashi a bakin ƙofa, kowa ya shigo da ita yake fara gaisawa.