Laka a Gemun Manaja

Da la'asar sakaliya ne, ana ɗan yayyafi irin wanda ba ya hana mutum tafiya, sai dai ya jiƙa masa kafaɗa. Manaja ya rufe ofishinsa na gidan mai, ya bar wa mataimakinsa makullin tanki, ya rataya jakar littattafai. Masu zuba mai suka bi shi da kallo. Ɗayansu ya ce, "Ranka ya daɗe, a dage da karatu, kada a sha bulala."

"Kai dai dage da famfonka," in ji Manaja, yana murmushi.

Mutumin nan ya haura arba'in, furfura ta fara cin gemunsa daga gefe. Tun yana saurayi yake harkar mai. Ya zuba wa motoci, ya auna tanki da sanda, ya yi faɗa da direbobin tanka, har dai ya zama manaja. Amma ran da autarsa ta tambaye shi daga ina man yake fitowa, abin da ya iya ce mata shi ne, "Daga ƙarƙashin ƙasa." Ta ce ta yaya? Ya ce ta je ta tambayi uwarta. Abin ya tsaya masa a rai kamar ƙashin kifi. Shi ne ya nemi gurbi a kwaleji, ajin yamma, don ya karanta injiniyancin man fetur.

Ya ɗauka zai tarar da sa'o'insa. Ashe yawanci yara ne, waɗanda ba su sami ajin safe ba. Ran da ya fara shiga, duk ajin suka miƙe tsaye, sun zaci malami ne. Da suka ga ya nemi benci ya zauna ya fito da biro, kunya ta kama kowa. Tun daga ranar sunansa ya koma Baba.

A aji dai ba laifi, yana bi a hankali. Matsalar tana ɗakin gwaje-gwaje. A can aka raba su rukuni-rukuni, shi ya faɗa tare da wani yaro da ake kira Dogo, mai ladabi har ya yi yawa, da wata yarinya da ake kira Barkono, saboda bakinta bai bar kowa ba. Abin da ake koya musu shi ne haɗa lakar haƙa. Laka ce ta musamman da ake turawa cikin rijiyar mai lokacin da ake haƙa ta. Ita ke sanyaya bakin injin, ta kwaso tsakuwa zuwa sama, nauyinta kuma ya danne abin da ke ƙasa kada ya taso da ƙarfi. In ta yi ruwa-ruwa matsala ce, in ta yi kauri ma matsala ce. Don haka sai an dama ta da inji, a ɗora ta a ma'auni a ga nauyinta, a zuba ta a mazurari a ga saurin zubarta.

To, duk sanda Manaja ya miƙa hannu zai ɗauki wani abu, sai wani hannu ya riga shi. In ya nufi bokiti, Dogo ya ɗauke. In ya taɓa garin yumɓu, Barkono ta ce zai ɓata masa riga. Har kujera Dogo ya samo masa mai hannu, ya ajiye kusa da taga inda iska ke shigowa. Gaskiya kuma, zaman bai yi wa Manaja ciwo ba. Mutum ya wuni a tsaye a gidan mai, ya zo ya tarar da kujera da iska, ai sai godiya. Yana zaune yana gyaɗa kai, yara suna aiki, a ƙarshe a rubuta sunansa tare da nasu.

A yammacin nan na yayyafi ne Malama ta shigo da sanarwa. Ita ma ya isa ya haife ta, amma ba ta wasa da aikinta. Ta ce jarrabawar aiki ta kusa, kuma kowa shi kaɗai zai tsaya gaban tebur. Wanda bai ci ba, ba zai bi su zuwa rijiyar mai ba lokacin hutu, sai ya jira baɗi.

Rijiyar nan ita ta kawo Manaja makaranta. Ya dubi injin damawa, ya ga ko inda ake kunna shi bai tabbatar ba.

Da Malama ta fita ya tashi daga kujerar. "Yau ni zan dama."

Dogo ya sunkuyar da kai. "Haba Baba. Muna tsaye kana dama laka? Ai sai a ce ba a ba mu tarbiyya ba."

"Ranar jarrabawa tarbiyyarku za ta dama mini?"

Suka yi dariya, sun ɗauka barkwanci ne irin na manya. Kafin ya sake magana Dogo ya riga ya cika kofin da ruwa, Barkono ta auna gari. Manaja ya tsaya yana kallo, daga baya ya koma ya zauna.

Washegari da safe yana shan shayi ya kwashe labarin ya faɗa wa matarsa. Tela ce, tana kan keke tana ɗinki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To ai kai ka saba, Abban yara. A gidan mai ka ce a yi, a yi. A gida ka ce a kawo, a kawo. Yaushe rabonka da wanke ko da cokali?"

"Ni shawara na zo nema, ba shari'a ba."

"Shawarar ke nan. Ka tafi musu da riga mai guga, da hula, da agogo, kana ƙamshin turare. Ni ma in na gan ka kujera zan ba ka."

Ta tashi ta buɗe akwati, ta zaƙulo tsohuwar rigar aikinsa mai haɗe da wando, ta zamanin da yake zuba mai. Ya gwada, maɓalli ya ƙi haɗuwa a ciki. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce rigar ba ta da laifi. Ta farke gefe ta ƙara ƙyalle, launin bai ma yi daidai ba.

Ran nan ya bar gidan mai da wuri. Mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ya buɗe masa, ya koma waje yana waya. Manaja ya naɗe hannun riga. Ya zuba ruwa a kofin ƙarfe kamar yadda ya ga ana yi, ya maƙala shi a jikin injin, ya lalubo makunni ya danna. Injin ya ɗauka. Ya riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan, ruwan yana yin kauri, ransa ya yi fari. Ashe abin ba wuya. Sai ya ga ya kamata ya leƙa ya ga yadda ta yi, ya janyo kofin ƙasa, bai kashe injin ba.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Laka ta watsu ta ko'ina. Ta sami bango, ta sami allo, ta sami fanka. Mafi yawanta kuwa fuskar Manaja ta samu. Da ya lalubi makunnin ya kashe, ya buɗe ido ɗaya, sai ga Dogo da Barkono a bakin ƙofa, wasu 'yan aji a bayansu.

Laka tana ɗiga daga gemunsa, ɗis, ɗis, a kan takalmi. Dogo ya kafa wa silin ido kamar an ba shi aikin ƙirga shi. Barkono ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa, hawaye na zubo mata.

Manaja ya ce, "'Yata, yi abinki. In kika riƙe za ki fashe, a ce ni ne sila."

Ai kuwa ta sake ta. Ta yi dariya har ta durƙusa, sauran suka ɗauka, Dogo ma ya juya wa bango fuska yana tari. Manaja da kansa ya yi, laka tana shiga masa baki.

Da aka lafa Dogo ya ruga ya ɗauko tsumma zai goge tebur. Manaja ya riƙe ɗaya bakin tsumman.

"Wa ya ɓata?"

"Baba, ai..."

"Wa ya ɓata, Dogo?"

"Kai ne, Baba."

"To sake mini."

Ya sake. Manaja ya goge tebur, ya goge allo, ya hau benci ya goge fanka, yara suna tsaye ba su san inda za su sa hannuwansu ba. Da ya gama ya juya wajen Barkono.

"Na ji yadda kike wanke yaran nan in sun yi shirme. Ni ma haka nake so ki yi mini."

Ta ce, "Baba, ni ba a koya mini ɗaga wa babba murya ba."

"A waje ni ne babba. A ɗakin nan kin riga ni. Wanda ya riga ka barci ai zai riga ka tashi. In kika ci gaba da jin kunyata, ku za ku tafi rijiya, ni ina gida ina ba autata labarin ƙarya."

Ta dube shi. Can ta ce, "To ɗauko kofin. Ba wannan ba, Baba, wancan. Wata nawa kana kallo daga taga, ashe iska kawai kake sha."

Daga ranar ba ta raga masa ba. Ya cika kofin ma'auni, ta ce bai cika ba. Ya rufe murfi, ta ce sai ya ga laka ta ɓullo ta hudar sama, sannan ya goge jikin kofin tas, in ba haka ba nauyin ƙarya zai samu. Ya tura ɗan ƙarfen da ke kan sandar ma'aunin da ƙarfi, ta ce, "A hankali, ba ƙofar gareji ba ce." A wajen mazurari ya manta bai toshe ƙasan da yatsa ba, laka ta zube masa a ƙafa. Ta ce ko ƙanenta na firamare ya san ba a zuba ruwa a kwando. Dogo yakan rufe ido in tana irin wannan magana. Da farko ma hannunsa yakan tafi da kansa zai karɓi aiki, sai ta buge shi. Daga baya ya koma sa hannuwa a aljihu.

Akwai ranar da maganarta ta ɗan sosa wa Manaja rai. Ya koma gida fuska a ɗaure, ya ce yarinyar nan ta fara wuce gona da iri. Matarsa ta ce, "Kai ka sayi barkono, kuma ka ce da yaji." Ta miƙa masa rigar aikin da sabulu, ta nuna masa inda baho yake.

Ranar jarrabawa Malama ta zauna da agogo a hannu, ana kira ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kansa ya tsaya gaban tebur. Ya dama, ya kashe injin, ya jira ya tsaya cak kafin ya sauke kofi. Ya auna nauyi. A mazurari ya makara wajen danna agogon auna saurin zubar laka, ya ce, "Malama, na yi kuskure, zan sake." Ta ce lokacinsa ne yake ci. Ya wanke, ya sake daga farko, gumi yana bin furfurarsa. Da ya faɗi abin da ya samu ta duba takardarta.

"Ka cika nawa, amma aikin ya yi. Ka nemi takalmin aiki mai ƙarfe a baki, ba a shiga rijiya da irin wannan naka."

Ya ce, "To, Malama." Ya kwashi kayansa ya nufi wajen wanki.

Yana cikin wankewa Barkono ta gama nata, ita ce ta ƙarshe. Ta zo da sauri, jaka a kafaɗa, tana leƙen taga, motar unguwarsu ta fara cika a bakin ƙofar makaranta. Ta jibge masa kofi da mazurari da murfi a gabansa, duk laka.

"Baba, haɗa da nawa. Ka kula da ragar mazurarin, nan take maƙalewa."

Kafin ya ɗago ta kai ƙofa. Ya bi ragar da ɗan buroshi a hankali har ta fita fes, ya ɗauraye, ya kife kayan a jere su tsane.