Sabon Bangon Fayil

Aron mako biyu suka ce, ga shi fayil ɗin tsohon malamin ya shekara huɗu a ma'aikatar da ta kore shi. Mai kula da ɗakin adana takardu, wadda abokan aiki ke kira Uwar Fayil, ta rubuta musu takardar tuni har goma sha ɗaya. Ko tari ba su yi ba.

Shi kuwa tsohon duk Talata sai ya zo ya zauna a bencin bakin ƙofa. An kore shi ne tun da ƙuruciya bisa zargin sayar da tambayoyin jarrabawa. Daga baya kwamiti ya wanke shi, amma wasiƙar wankewar ba ta taɓa fitowa ba. Layi uku kawai shugaban kwamitin ya rubuta da hannunsa a cikin bangon fayil ɗin, ya sa hannu. Uwar Fayil ta karanta da idonta. Tsohon so yake jikokinsa su gani kafin ya mutu.

Ranar da haƙurinta ya ƙare, ta ɗauki jaka ta tafi da kanta. Ofis uku aka yi ta wasa da hankalinta, a na huɗu wani akawu ya miƙo mata fayil fes, yana murmushi.

"Mun ma gyara muku shi, Yaya. Tsohon bangon ya ruɓe, muka sa sabo."

"Ina tsohon bangon?"

"Wane tsohon? Ai shara ce."

Ta buɗe. Takardar zargi na nan, takardar kora na nan, kowace an jera ta tsaf. Cikin bangon fari ƙal. Ga mutumin tsaye wai godiya yake jira.

Talata tsohon ya zo da jikarsa, ya ga fayil a kan tebur, ya gyara zama.

"'Yata, karanta mata. Idona ya tafi."

Uwar Fayil ta faɗa masa gaskiya, ba ta rage komai ba. Sai ya ce:

"To ke da kika gani, rubuta mana."

"Baba, ni ajiya ce aikina. Abin da na rubuta ba ya zama hujja."

Jikar ta jawo fayil ɗin gabanta, ta fara karantawa daga shafin farko, inda zargin yake.