Guntun da Ya Ɓata a Jikin Kuchel

A gundumarmu ba a taɓa samun namijin da ya yi rashin lafiya ba. Maza na mutuwa dai, amma lafiya lau suke har ranar.

Desmond Kuchel makiyayin tumaki ne, shekarunsa sittin da bakwai, shi kaɗai a gona tun rasuwar matarsa. Ya yi tuƙin awa bakwai zuwa birnin Adelaide don jin sakamakon gwajinsa a asibiti. Likitar ta ce ciwon daji ne a ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Wani irinsa malalaci ne, sa ido kawai ake yi masa. Amma a ƙwayoyin nasa ciwon, wani guntu na zaren gadon halitta na goma ya ɓace, kuma guntun nan shi ne birkin da ke hana ciwon gudu.

"Ina ya tafi?" in ji Desmond.

"Ya goge ne. Irin wannan ba ya jira. Gasa ciwon za a fara yi maka da na'ura ran Litinin ta sama, sati bakwai a nan. Wa zai kula maka da gona?"

"Akwai mutane."

Mutum ɗaya ne, maƙwabcinsa Lindsay Schubert. Ga lokacin aske ulun tumaki dubu biyu ya ƙarato. Lindsay zai karɓi aikin ba tare da ya yi tunani sau biyu ba, in an roƙe shi. Sai dai roƙon na bukatar dalili, dole ya faɗi ciwon.

Desmond ya same shi kwance a ƙarƙashin tarakta.

"Tsohon banza, an ce ka je birni. Mata ka je nema?" in ji Lindsay.

"Wa zai ɗauke ni? Taya na je dubawa."

"Awa bakwai saboda taya? Ya jikin dai?"

"Ba laifi. Kai fa?"

"Ba laifi."

Desmond ya tsaya yana kallon takalman Lindsay. Ya yi maganar ruwan sama, ya yi ta farashin ulu. Ya buɗe baki a karo na uku.

"Lindsay."

"Na'am?"

"Ara min sifana mai lamba sha tara."

Ya koma gida da ita, ya rataye ta kusa da nasa guda biyu irinta. Ya wanke hannu, ya kira asibitin. Ya ce wa matar da ta ɗauka a ɗaga masa jinyar zuwa bayan askin tumaki, wata uku ke nan.

Ta ce likita ba za ta ji daɗi ba.

Ya ce ya sani, a ba ta haƙuri, ya gode ƙwarai.