Mai Ƙugiya Babu Gida

Verna Kucera ba ta kallon fuskar baƙo sai ta gama kallon abin da motarsa ta jawo. Ta tsufa a bayan kantar gidan man Pellman, ɗan garin da in ka yi atishawa kana tuƙi sai ka wuce shi ba ka sani ba, kuma a wurinta mutanen duniya kashi biyu ne: masu gida mai taya, da sauran jama'a. Masu gida mai taya mutanen kirki ne. Yawancinsu tsofaffi, sun sayar da gidan ƙasa sun sayi na hanya, suna bin rana daga wannan jiha zuwa waccan, ba abin da suke nema a wurinka sai inda za su yada zango su jona wuta. Sauran jama'a kuwa sai an bincika tukuna.

Zango biyu ne a kusa da garin. Akwai na bakin tafki, mai alluna a kan titi, amma yana da nisa, hanyarsa duk tsakuwa, waya ma ba ta kamawa a can. Sai kuma ɗan ƙaramin na gari, a bayan manyan rumbunan masara, wanda ba allo, ba mai gadi, ba ya cikin taswirar kowace waya. Wanda Verna ta ga dama ta kwatanta wa shi kaɗai ke zuwa can, kuma tana ji da wannan mulki nata ƙwarai.

A can Shelby take ɓoye. Da farkon bazara wata ƙawarta ta jawo mata ɗan gidanta mai taya, ta kwance shi a ƙarƙashin bishiya ta juya. Yarinya ce siririya mai ɗaure wuya da gyale ana tsananin zafi. Ranar da ta fara shigowa sayen madara, gyalen ya zame, Verna ta ga shatin yatsu. Ba ta tambaya ba, Shelby ce ta faɗa da kanta, murya ƙasa-ƙasa. Mijinta ne. Gidan mai taya kuwa gadon mahaifiyarta ne, shi ya sa ta gudo da shi, amma a-kori-kurar da ke jan gidan tana hannun mijin. Wayarta ma ta jefar a hanya don kada ya bi sawunta.

“Inna Verna, in wani ya zo nemana, ba ki san ni ba.”

“Ni? Ban taɓa ganinki ba, 'yar nan. Ɗauki burodin nan ki tafi.”

Tun daga ranar Verna ta san abin da take jira: a-kori-kura mai ƙugiyar jan gida a bayanta, amma babu gida. Duk wadda ta tsaya shan mai sai ta leƙa bayanta ta taga.

Wata safiya wata ƙatuwar motar gida, fara sol, ta shigo ta tsaya a bakin famfon mai. Mutumin da ya sauko ya fara furfura a gefen kunne, rigarsa ta sha guga, ya goge ƙafa a tabarmar ƙofa kafin ya shigo. Verna na son mai goge ƙafa.

“Barka da asuba, Madam. Kai, wannan ƙamshi fa? Kolaci ne? Rabona da shi tun kakata na raye.”

Kolaci burodin mutanen wurin ne mai cike da 'ya'yan itace, Verna ke gasa shi da hannunta, kuma duk wanda ya yaba shi ya gama da ita. Ta zuba masa kofi ba tare da ya roƙa ba.

“Wurin kwana nake nema,” in ji shi. “Na ga allon na tafki, amma ni hayaniyar masu kwale-kwale ta ishe ni. Ba wani ɗan lungu shiru, inda mutum zai huta ba wanda ya san da shi?”

“Ka zo inda ya dace. Bi ta gaban coci, ka zagaya bayan rumbuna, za ka ga bishiyoyi. Kada ka gaya wa kowa.”

Ya ɗora hannu a ƙirji, ya yi godiya har sau biyu, ya tafi.

Orville, tsohon manomin da ya mayar da kujerar kusa da tukunyar kofi tamkar gadonsa, ya bi motar da kallo.

“Wannan bai tambayi wuta ba.”

“Me ka ce, tsoho?”

“Na ce bai tambayi wuta ba. Duk ɗan hanyar da ya shigo nan, kafin ya gaishe ki sai ya ce akwai wuta, akwai ruwa, ina ake zubar da na bayan gida. Wannan sai zancen burodi.”

“To ba kowa ba ne cikinsa ke gabansa kamar kai. Kishi kake don ya yabi kolacina, kai kuwa shekara da shekaru kana ci kana ƙorafi.”

“Ni dai na faɗa.”

“Ka faɗa, an ji. Sha kofinka.”

Rana ta take sosai lokacin da abin da take jira ya iso. A-kori-kura ce baƙa, ta sha ƙurar hanya, lambarta ta wata jiha. Verna ta miƙa wuya. Ga ƙugiya nan a bayanta, an shafe ta da sabon giris, babu gida. Gabanta ya faɗi, sai dai har da wani ɗan daɗi a ciki, irin na wanda ya daɗe yana cewa za a yi kuma ga shi an yi.

Direban ƙato ne, gemu ba gyara, idanu jajur, zane-zane a fatarsa tun daga wuyan hannu har kafaɗa. Bai goge ƙafa ba. Bai sayi komai ba. Ya tsaya yana waige-waige kamar mai ƙirga ƙofofi.

“Ke ce Verna?”

Ji fa. Har sunanta ya sani.

“Wa ke tambaya?”

“Zangon masu gidan taya nake nema a nan kusa.”

“Ina gidan naka? Ko a aljihu ka sako shi?”

Bai yi dariya ba. Ya dubi Orville, ya matso kusa da kanta, ya rage murya.

“Ƙanwata nake nema. Siririya, gashi ja, gidanta ƙarami mai ratsin kore. An ce in tambaye ki.”

Ƙanwa! Verna ta kusa yin tsaki. Dukansu haka suke cewa, ba wanda ke shigowa ya ce matata nake nema in ƙarasa shaƙe ta. Ta dubi hannayensa, manya kamar faranti, ta tuna shatin da ke wuyan yarinyar, ranta ya ɓaci har ta ji ɗaci a baki. Amma ta saki fuska, don ta daɗe da sanin cewa irin waɗannan ba a korarsu da faɗa.

“Allah sarki, mai ratsin kore? Ai na gan ta. Tana can bakin tafki. Ka miƙe titin nan har kwalta ta ƙare, ka bi tsakuwa, kada ka tsaya sai ka ga ruwa. In ba ka gan ta a gaba ba, ka zagaya can ƙarshen, wajen duwatsu.”

“Ba wani zango a cikin gari?”

“A wannan garin? Bawan Allah, mu da ko wurin aski ba mu da shi.”

Ya tsura mata ido har ta ji gumi na bin bayanta. Sannan ya juya ya fita da sauri, tayoyinsa suka watsa tsakuwa.

“Kin iya ƙarya, tsohuwa,” in ji Orville. “Da ban san ki ba da na bi shi neman mai ratsin kore.”

“Rufe mini baki ka tsare kanti. Zan je in gaya wa yarinyar nan ta shirya, kafin ya gane ya dawo. In wani ya zo, mai kawai za ka sayar, ban da surutu.”

Ta naɗe kolaci biyu a takarda ta shiga motarta. A hanya tana ta yaba wa kanta. Ta wuce coci, ta zagaya bayan rumbuna, tana tsara inda za a kai Shelby, ko gidan 'yar'uwarta, ko rumfar tarakta ta Orville.

Da ta shiga cikin bishiyoyin sai ta rage gudu. Farar motar nan ta safe ba ta tsaya kusa da sandunan wuta ba, inda kowane mai hankali ke tsayawa. An gindaya ta ne a bakin hanyar fita, ta bar ɗan wurin da ƙaramar mota kaɗai za ta ratsa. Ba a jona waya ba, ba a ja tiyo ba, ba a buɗe rumfa ba. Mutumin yana zaune a kujera mai naɗewa, ba kofi a hannunsa, ba jarida, ya fuskanci ƙofar gida mai ratsin kore. A bayan motar, inda Verna ba ta duba da safe ba, ga tambarin kamfanin haya ɓaro-ɓaro.

Ya ɗaga mata hannu da fara'a.

“Madam! Kwatancenki bai da kuskure ko kaɗan. Wurin shiru, kamar yadda kika ce.”

Ta tsayar da motarta, ta sauko da kolacin a hannu. Ta wuce shi ta taka har ƙofar Shelby. Labule duk a sauke, kujerar yarinyar na kife a ƙasa, kofin shayinta ya zube a kan matakala ƙudaje na bi. Ta ƙwanƙwasa a hankali.

“Ni ce, 'yar nan.”

Muryar ta fito daga ƙasa, kamar mai maganar na zaune a daɓe ta jingina da ƙofa.

“Inna Verna? Curtis ne. Mijina ne a waje. Tun safe yake zaune, bai ce komai ba, kallo kawai. Ban san yadda aka yi ya gano nan ba.”

Verna ta waiwaya ta dubi farar motar da ita da kanta ta kwatanta wa hanya.

“Amma kada ki damu,” in ji Shelby, tana haɗiye kuka. “Jiya na kira yayana Boyd da wayar coci. Ya ce zai kwana yana tuƙi, zai zo da motarsa ya ja ni mu tafi. Curtis na tsoronsa, shi kaɗai yake tsoro a duniya. Na ce masa kada ya tambayi kowa a garin nan sai ke, don ke kaɗai na yarda da ke. Ƙato ne, mai gemu, ba ya da fara'a amma ba ruwansa. Bai iso ba?”

Kunya da tsoro suka kama Verna. Ita da ke alfahari da sanin mutane, ta buɗe wa ɗaya ƙofa don ya goge ƙafa, ta kori ɗayan don bai goge ba.

“Ya iso,” ta ce. “Yana zuwa. Kada ki buɗe ƙofar nan ko me kika ji.”

Ta ciro waya ta kira kanti.

“Orville, kulle kantin. Ka kira ɗan sandan gunduma ka ce bayan rumbuna, ko yana ƙarshen duniya ya taho. Sannan ka bi mai baƙar motar nan tafki ka dawo da shi.”

“Wanda kika kora? To me ya...”

“Yayanta ne! Kuma don girman Allah yau kada ka yi mini tuƙin tarakta.”

Ta kashe. Ta san tafkin da nisa, ta san ita ce ta ce masa ya zagaya har wajen duwatsu, ta kuma san Orville bai taɓa wuce wata mota a kan titi ba tunda aka haife shi.

Ta ɗaga kujerar Shelby ta kaɗe ta, ta dasa ta a kan matakalar ƙofa, ta zauna da duk nauyinta. Curtis ya karkata kai yana murmushi.

“Za ki daɗe ne, Madam? Kantinki fa?”

“Kanti nawa ne, bawan Allah. Ni ma hutu na zo.”

Murmushin ya ɗan rage, amma bai tashi ba. Ita ma ba ta tashi ba. Kolacin ya huce a cinyarta, man ya ɓata mata siket. Ta tsakanin farar motar da bishiya tana hango ɗan guntun titi, ta kafa masa ido kamar yadda ta yi duk bazarar nan, tana jiran a-kori-kura mai ƙugiya babu gida, wannan karon tana roƙon Allah ya kawo ta.